Zohra Sehgal, kakar finafinan Indiya: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya yi kallon finafinan Indiya daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau ya san fuskar nan ko da bai san sunan mai ita ba. Wata 'yar tsohuwa ce mai tamojin fuska, bakinta ba ya shiru, idonta cike da tsokana, ita ce kakar jarumi ko kakar jaruma. Mu dai "kakar nan" muke ce mata. Na tattara tambayoyin da masu kallo suka fi yi a kanta, na amsa su a wuri guda.

Wace ce ita, kuma a waɗanne finafinai muka san ta?

Sunanta Zohra Sehgal. Ita ce kakar Shah Rukh Khan a Dil Se na 1998, ita ce kakar Aishwarya Rai a Hum Dil De Chuke Sanam na 1999, ita ce kuma Bebe a Veer-Zaara na 2004. A Cheeni Kum na 2007 ta fito uwar Amitabh Bachchan, a shekarar kuma ta fito mai gidan haya a Saawariya, wanda shi ne fim ɗinta na ƙarshe.

Akwai kuskuren da ake yawan yi. Ba ita ce kakar da ke Kal Ho Naa Ho ba, waccan Sushma Seth ce. Haka kakanni biyun da ke Kabhi Khushi Kabhie Gham, babu Zohra a cikinsu.

Lokacin da muka fara ganin ta a kaset ɗin bidiyo ta haura shekara 85. Wato mun same ta ne a la'asar sakaliya, bayan ta shafe sama da shekara sittin tana rawa da wasa a gaban jama'a.

Yaushe aka haife ta, kuma wane irin gida ta fito?

An haife ta ranar 27 ga Afrilu 1912 a garin Saharanpur da ke arewacin Indiya, zamanin mulkin Turawan Ingila. Don a gane daɗewar abin: fim ɗin Indiya mai tsawo na farko, Raja Harishchandra, a 1913 ya fito. Ke nan ta girmi masana'antar da ta yi wa aiki da shekara guda.

Gidansu gidan Musulmi ne, Patanawa masu asali da masarautar Rampur, masu rufin asiri da ilimi. Mahaifinta Mumtazullah Khan, mahaifiyarta Natiqa Begum, ita ce ta uku cikin 'ya'ya bakwai. Tana 'yar shekara ɗaya ciwon hawan jinin ido ya taɓa mata idon hagu, har sai da aka kai ta asibiti a Birmingham ta Ingila. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, kuma burin uwar shi ne 'ya'yanta mata su yi karatu, shi ya sa aka kai Zohra makarantar Queen Mary da ke Lahore, makarantar 'ya'yan manya wadda ake tsananta kulle a cikinta.

To yaya 'yar kulle ta tsinci kanta a makarantar rawa a Jamus?

Da ta gama makaranta abin da ke gabanta aure ne, kamar sauran sa'o'inta. Ita kuwa ta ga yadda auren yayarta ya kasance, hankalinta bai kwanta ba, ta ce sana'a take so. Kawunta, Saeeduzzafar Khan, wanda ya yi karatun likita a Edinburgh, shi ya tsaya mata.

Tafiyar ma abin labari ce. A 1930 suka tashi daga Lahore a mota, suka ratsa Iran, suka bi ta Siriya da Falasɗinu har Masar, daga Iskandariyya suka hau jirgin ruwa zuwa Turai. A tuna da irin hanyoyi da irin motocin wancan zamani, sannan a tuna yarinya ce 'yar shekara 18 da ta tashi a bayan labule.

Niyyar farko ita ce ta koyi wasan kwaikwayo a Ingila, amma sai ta sauya shawara ta nufi Dresden, makarantar Mary Wigman, ɗaya daga cikin waɗanda suka assasa rawar zamani a Turai. Rawar Wigman ba ta ƙawa ba ce. Ana koya wa mutum ya nuna tsoro ko baƙin ciki ko murna da kafaɗa da wuya da tafin hannu, ba tare da ya buɗe baki ba. Shekara uku Zohra ta yi a nan. A ganina duk abin da muka gani a jikin tsohuwar nan bayan shekara saba'in, yadda take karkata kai, yadda take kaɗa yatsa a fuskar jika, daga wannan makaranta tushensa yake.

Mene ne alaƙarta da Uday Shankar?

Tana Dresden tawagar Uday Shankar ta zo wasa garin. Shi ne yayan Ravi Shankar mai kiɗan sitar, kuma shi ya fara fitar da rawar Indiya zuwa manyan dandamalan Turai da Amurka. Zohra ta je ta same shi bayan an tashi, ya yi mata alkawarin aiki idan ta gama karatu. Bai saɓa ba. A 1935 ya aiko mata da telegiram cewa ta zo su tafi Japan, ta kuwa tafi. Ta zama ɗaya daga cikin manyan 'yan rawarsa, tare da wata Bafaranshiya da ake kira Simkie, suka zaga Japan da Masar da Turai da Amurka.

A 1940 ta zama malama a cibiyar da Uday Shankar ya buɗe a Almora, cikin duwatsun Himalaya. Cikin samarin da suka yi karatu a cibiyar akwai Guru Dutt, wanda daga baya ya zama babban darakta. Bai manta da malamarsa ba: da ya tashi fim ɗinsa na farko, Baazi na 1951, ita ce ta tsara rawar ciki.

Wa ta aura? Kuma Musulma ce?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mini, saboda sunanta. Amsar ba a dunƙule take ba, don haka gara a faɗe ta yadda take.

A gidan Musulunci aka haife ta, a nan ta tashi. A Almora ta haɗu da Kameshwar Sehgal, mai zane kuma ɗan rawa, mabiyin addinin Hindu, wanda ta girma da shekara takwas. Danginta ba su so ba da farko, daga baya suka haƙura, aka yi auren ranar 14 ga Agusta 1942. An sa ran Jawaharlal Nehru zai halarta, sai Turawa suka kama shi 'yan kwanaki kafin ranar saboda gangamin neman su fice daga Indiya. Sun haifi 'ya'ya biyu, mace da namiji. Macen, Kiran Segal, ta zama shahararriyar 'yar rawar gargajiya ta Odissi.

Ita Zohra da bakinta ta sha faɗa cewa ba ta riƙe da wani addini, kuma da ta mutu ƙona gawarta aka yi bisa wasiyyarta. Wanda ya ga sunan Zohra ya ɗauka hajiya ce, to ga yadda lamarin yake.

Bayan auren sun koma Lahore suka buɗe makarantar rawa, suka raɗa mata Zoresh, haɗin sunayensu biyu. Ba su daɗe ba. Gaba tsakanin Musulmi da Hindu tana ta ruruwa gabanin raba ƙasar zuwa Indiya da Pakistan, inda Lahore ta faɗa ɓangaren Pakistan, kuma ma'aurata irinsu, ɗaya daga nan ɗaya daga can, ba su da wurin tsayawa a Lahore ta lokacin. Suka tattara ya-nasu ya-nasu da 'yar jaririyarsu suka nufi Bombay.

Ana cewa wasan daɓe ne sana'arta ta gaskiya, ba fim ba. Haka ne?

Haka ne, kuma nan ne zuciyar labarinta.

A 1944 Prithviraj Kapoor, wanda muka sani a matsayin Sarki Akbar a Mughal-e-Azam, ya kafa ƙungiyar wasan daɓe mai suna Prithvi Theatres. Ƙanwar Zohra, Uzra, ita ce babbar jarumar ƙungiyar. A 1945 Zohra ta shiga, albashinta rufi 400 a wata, kuma shekara goma sha huɗu ta yi tana bin wannan ayari.

Ayari na ce, domin ba zaune suke wuri ɗaya ba. Jirgin ƙasa suke hawa da kayan wasa da labulaye da fitilu, su sauka wannan gari su yi kwanaki, su naɗe su wuce na gaba. Mutane ne da yawa, cinsu tare, kwanansu tare. Kuɗin da Prithviraj ke samu a fim shi yake zubawa a ƙungiyar don kada ta durƙushe, kuma idan aka tashi daga wasa yakan tsaya a bakin ƙofa riƙe da mayafi yana karɓar taimako domin mabukata. Cikin shekara goma sha shida da ƙungiyar ta yi kafin ta rufe a 1960, sun hau dandamali sama da sau dubu biyu da ɗari shida.

Wasanninsu ba na raha kaɗai ba ne. Deewar, wato katanga, labarin wa da ƙani ne da wata baƙuwa ta shiga tsakaninsu har aka gina katanga a tsakar gidan gado. Kowa a zauren ya san baƙuwar Ingila ce, gidan kuma Indiya, kuma an fara nuna wasan ne a 1945, shekara biyu kafin a raba ƙasar da gaske. Zohra ce ke fitowa a matsayin baƙuwar. Wani wasan nasu, Pathan, kan amana ne tsakanin Musulmi da abokinsa Hindu.

Wanda ya taɓa zama a zauren wasan daɓe, ko na makaranta ne, ya san bambancin. A fim idan ka yi tuntuɓen harshe darakta ya ce a sake. A daɓe babu a sake. Muryarka dole ta kai kujerar ƙarshe, fuskarka dole na baya ya karanta ta, idan 'yan kallo suka yi dariya ka san daƙiƙa nawa za ka dakata kafin ka ci gaba. Wannan sanin lokacin dakatawa shi ne makamin Zohra. A lura da ita a kowane fim: takan bari abokin wasa ya gama, ta yi ɗan shiru, ta kalle shi sheƙeƙe, sannan ta jefa maganar.

Wane ne fim ɗinta na farko?

Finafinai biyu ne suka fito a 1946, dukansu na mutanen ƙungiyar IPTA ne ko abokan tafiyarta, ƙungiyar 'yan wasa masu ra'ayin talakawa wadda Zohra ta shiga. Dharti Ke Lal na Khwaja Ahmad Abbas kan yunwar da ta hallaka miliyoyin mutane a Bengal a 1943 ne. Neecha Nagar na Chetan Anand kuwa labarin wani attajiri ne da ya karkatar da ƙazamin ruwa zuwa unguwar talakawa. Wannan na biyun yana cikin finafinan da suka ci babbar kyauta a bikin Cannes na farko a Faransa a shekarar. Shi ya sa ranar 29 ga Satumba 2020 Google ya sa zanenta tana rawa a shafinsa, don tunawa da ranar da aka nuna fim ɗin a can.

Duk da wannan buɗi da ƙafar dama, ba ta rungumi fim ba. Daɓe ta koma.

Me ya kai ta Ingila?

Masifa ce ta faɗa mata. A 1959 mijinta ya kashe kansa, ya bar ta da yara biyu, ga ƙungiyar Prithvi tana dab da rufewa. Ta koma Delhi ta shugabanci wata makarantar wasan kwaikwayo na ɗan lokaci, sannan a 1962 ta sami tallafin karatu zuwa Landan. Tana da shekara hamsin.

Matar da ta yi rawa a manyan biranen duniya sai ga ta tana ƙananan ayyuka don ciyar da yara, tana koyar da rawa a makarantar ɗan rawa Ram Gopal da ke unguwar Chelsea, tana jiran a kira ta ta fito minti biyu a talabijin. Irin matsayin da ake ba 'yan Indiya a lokacin bai wuce baiwa ko mai reno ba. A 1964 BBC ta sa ta a wani wasa da aka ɗauko daga labarin Rudyard Kipling, ta kuma leƙa cikin shirin Doctor Who. Haka ta yi ta lallaɓawa wajen shekara ashirin.

Ƙofa ba ta buɗe sosai ba sai 1984, da shirin The Jewel in the Crown, mai kashi goma sha huɗu, kan ƙarshen mulkin Ingila a Indiya. Ta fito a matsayin Lady Chatterjee, wata dattijuwa mai aji da kaifin harshe da ke hulɗa da Turawa ba tare da ta durƙusa musu ba. Tana da shekara 71. Daga nan aiki ya riƙa zuwa: shirin barkwanci na Tandoori Nights, sai Bhaji on the Beach na Gurinder Chadha a 1993, wadda ta sake kiran ta a Bend It Like Beckham na 2002.

Ina labarin ƙanwarta Uzra?

Uzra Butt ta koma Pakistan da mijinta a shekarun 1960, iyaka ta shiga tsakanin 'yan'uwan. A 1993 suka sake hawa dandamali ɗaya a Lahore, cikin wasan Ek Thi Nani wanda Shahid Nadeem na ƙungiyar Ajoka ya rubuta, labarin 'yan'uwa mata biyu da rabon ƙasa ya raba, ɗaya a Indiya ɗaya a Pakistan, suka haɗu da tsufa suna jayayya kan makomar jikarsu. Kusan rayuwarsu ce suke maimaitawa a gaban jama'a. An nuna wasan a ƙasashen biyu. Uzra ta rasu a 2010.

Me ya sa ba ta taɓa fitowa babbar jaruma a fim ba?

Dalili biyu nake gani. Shekarun da mace ke fitowa jaruma a Bombay, ita a jirgin ƙasa ta yi su tana bin ayarin Prithvi. Na biyu kuma ita kanta ba ta ɓoye shi: takan yi wa kanta ba'a cewa ba ta da irin kyan da masu fim ke nema, Uzra ce kyakkyawar gidan.

Sai dai abin ya zame mata gobarar Titi. Jarumar da kyau ya ɗaga, ranar da kyan ya tafi sai a daina kiran ta, kuma mun ga da yawa da suka ɓace haka. Zohra ba ta da abin da tsufa zai ƙwace mata. Tamojin ma jari ya zama.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda daraktocin Bombay suka yi ta ba ta abu guda, kaka mai ban dariya, kaka mai goyon bayan masoya. Mace mai wannan horo ta fi ƙarfin minti biyar ɗin da ake yaga mata.

Wanne zan fara kalla idan ina son ganin gwanintarta?

Cheeni Kum. Amitabh ya fito mai gidan abinci a Landan, ɗan shekara 64, tuzuru, mai girman kai, wanda kowa ke shakka a wurin aiki. Da ya dawo gida sai ya tarar da uwarsa zaune gaban talabijin tana kallon kokawa, tana yi masa gorin ya ƙi zuwa motsa jiki, shi kuma yana kushe girkinta. Duk tsawonsa da muryarsa, a gabanta yaro yake komawa. Tana da shekara 95 lokacin da fim ɗin ya fito, kuma lissafin ya yi daidai: a shekarar da ta yi aure aka haifi Amitabh.

Veer-Zaara kuwa fitowarta kaɗan ce, amma a kanta labarin ya rataya. Bebe tsohuwa ce mabiyar addinin Sikh da ta reni Zaara a Lahore. Tana kan gadon mutuwa ta roƙi a kai tokarta Kiratpur a Indiya a zuba a kogi inda aka zuba ta kakanninta. Wannan wasiyya ce ta sa Zaara ta tsallaka iyaka, motarsu ta yi hatsari, Veer ya zo ceto da jirgi mai saukar ungulu, ita kuma ta kafe sai an ɗauko jakar da tokar ke ciki. Na kalli wurin nan sau da yawa kafin in san cewa tsohuwar da ke kwance ita ma a Lahore ta yi makaranta, a can ta yi zaman aure, kuma rikicin rabon ƙasar ne ya fitar da ita.

Mai son dariya zalla ya nemi Chalo Ishq Ladaaye na 2002, inda ta fito kakar Govinda, tana da shekara 90, har da hawa babur da dukan 'yan iska.

Da gaske ta yi aiki da zuriyar Kapoor tun daga kaka har tattaɓa-kunne?

Da gaske ne. Ta fara da Prithviraj a 1945, lokacin ɗansa Raj Kapoor yana saurayi yana taimakawa a ƙungiyar. Ta rufe da Ranbir Kapoor a Saawariya, fim ɗinsa na farko, shi kuwa jikan Raj ne. Shekara 62 ke tsakani.

Waɗanne lambobin yabo ta samu?

Hukumar raya kiɗa da wasan kwaikwayo ta Indiya, Sangeet Natak Akademi, ta karrama ta a 1963, sannan a 2004 ta ba ta lambarta mafi girma. Gwamnati ta ba ta Padma Shri a 1998, sai Padma Vibhushan a 2010, wadda ita ce ta biyu a daraja cikin lambobin farar hula na ƙasar. Wannan ta ƙarshe tana da shekara 97 aka sanar da ita.

Sehgal ne ko Segal?

Duka biyun ana rubutawa. Ita da 'yarta Segal suke sa wa a littattafansu, jaridu da masu fim kuma sun fi rubuta Sehgal. Ta bar littattafai biyu kan rayuwarta, Stages na 1997 da Close-Up na 2010, 'yarta Kiran kuma ta rubuta nata a 2012 ta sa masa Fatty, sunan tsokanar da take kiran uwar da shi saboda yawan damuwarta da kada ta yi ƙiba.

Yaya ƙarshenta ya kasance?

A Delhi ta ƙare rayuwarta, a gidan 'yarta. Ta yi fama da ciwon daji a shekarun 1990 ta warke, ta koma bakin aiki. Ko da ƙafa ta gaza, kai bai gaza ba: har ta kusa ɗari tana karanto waƙoƙin Urdu da ka a gaban jama'a, kuma wadda aka fi roƙon ta ita ce ta Hafeez Jalandhari mai amshin da ke nufin har yanzu da sauran ƙuruciyata. Zaure kan kece da dariya da tafi duk lokacin da ta kai wurin. Ranar da ta cika shekara ɗari an ɗauke ta hoto ta ɗaga wuƙar yanka kek sama kamar mai shirin kai sara, tana dariya.

Ta mutu ranar 10 ga Yuli 2014 a wani asibiti a Delhi sakamakon bugun zuciya, tana da shekara 102. Washegari aka ƙona gawar a wurin ƙona gawa da ke Lodhi Road a birnin. Ta riga ta bar wasiyya cewa kada a yi wani biki, kada kuma a ajiye tokarta a gida.